Haƙorin Makkan Inna

Wari ne ya fara tona asirin. Wata Laraba Hasana ta taso daga gidan mijinta a Rafin Guza zuwa Kinkinau don gaida mahaifiyarta, sai ta tarar an sauya wa tsohuwar ɗaki. Da a bakin falo take, inda duk mai shiga gidan sai ya durƙusa ya gaishe ta. Yanzu an kai ta can ƙurya, kusa da inda ake jibge buhunan gawayi.

"Can ɗin ya fi iska," in ji Lubna, matar yayan Hasana, ba tare da ta ɗago daga yankan albasar da take yi ba. "Kuma yara suna damunta da hayaniya."

Hasana ta wuce. Ɗakin ya turnuƙe da turaren wuta, an zuba shi ba tausayi. Amma a ƙarƙashin turaren akwai wani abu da ya ƙi ɓoyuwa, mai kama da warin naman da aka manta a leda. Inna Asabe na zaune kan darduma, ta rufe bakinta da gefen mayafi. Ga tuwon rana nan a kwano ya huce, ko taɓa shi ba a yi ba.

"Inna, ina wuni? Me ya samu bakin?"

"Lafiya lau. Ɗan sanyi ne ya taɓa ni."

Hasana ta matsa, ta janye mayafin a hankali. Haƙorin Makkan na nan a sama ta hagu, yana ƙyalli abinsa kamar ba ruwansa. Amma dasashin da ke bisansa ya kumbura ya yi duhu, ga wani ɗan ƙurji da ya fashe yana tsattsafo da mugunya. Hasana ta saki mayafin.

Haƙorin nan ba Inna ce ta nema ba. Shekarar da Alhaji Nuraddeen, ɗanta na fari, ya kai ta aikin hajji, shi ya ja ta wurin masu sa haƙori, aka goge lafiyayyen haƙorinta aka ɗora masa hular gwal. Tun daga nan duk baƙon da ya zo gidan sai an kai shi gabanta. "Hajiya, ga baƙi, a ɗan yi musu murmushi." Ita kuwa ta yi, baƙi su ce ma sha Allah, Allah ya ba mu 'ya'ya masu jin ƙanmu, Alhaji ya sunkuyar da kai irin na wanda ba ya son yabo.

"Kin faɗa wa Yaya?"

Inna ta kawar da fuska. "Ni zan faɗa masa?"

Tambayar banza ce, Hasana ta sani. Inna ta mutanen da ce. Ba ta taɓa kiran sunan ɗan farinta ba, ba ta haɗa ido da shi, ko ruwa ba ta taɓa ce masa ya miƙo mata ba. In zance ya biyo ta kansa sai ta ce "yayanki". Wannan alkunyar ce gidan ke alfahari da ita, kuma ita ce ta sa tsohuwa ta zauna da ciwo a baki tana tura kanumfari a kumatu.

Washegari da hantsi Hasana ta dawo, ta ce wa Lubna za su je dubiya. Ta sa Inna a keke, ba su tsaya ko'ina ba sai sashen haƙori na wani asibitin gwamnati. Likitar mace ce mai sanyin hannu. Ta ɗan ƙwanƙwasa haƙorin da ƙarfe, Inna ta runtse ido, hawaye ya gangaro ta gefe. Aka ɗauki hoto, aka auna jini.

"Mama, hular gwal ɗin nan ba ta zauna daidai ba tun farko," in ji likita. "Abinci yana shiga ta ƙarƙashinta, inda aswaki da burushi ba sa kaiwa. Haƙorin ya ruɓe a ciki har saiwa, mugunya ta taru. Ga shi sugan jininki ya hau, shi kuwa yana hana jiki yaƙar ciwo. Ba abin da za a ceto a nan. Mu yi miki allurar kashe zafi mu cire, mu wanke wurin. Kafin azahar kina gida."

"A cire yau ɗin, likita," in ji Hasana.

Inna ta dafa hannun kujera ta fara sauko da ƙafa. "Ba ni na sa ba, 'yar nan. Wanda ya sa, shi zai ce a cire."

"Mama, bakinki ne fa."

"Bakin nawa ne. Haƙorin nasa ne."

Likita ta yi lallashi har ta gaji. A ƙarshe ta rubuta magani, ta ce a riƙa kurkure baki da ruwan ɗumi da gishiri, sannan ta ja Hasana gefe. "Maganin nan jinkiri kawai zai saya miki, ba waraka ba. Kuma ki riƙe wannan da kyau. Wata rana zafin zai iya ɗaukewa gaba ɗaya. Kada ku ce ta warke, jijiyar ce ta mutu, ciwon yana nan yana tafiya. In kika ga kumburi ya nufi ido, ko zazzaɓi ya rufe ta, kada ki jira kowa."

Daga asibiti Hasana ta mai da Inna gida, ta zarce Babbar Kasuwa. Ta tarar da yayanta a shagonsa na atamfa cikin 'yan layinsu, ana shan shayi ana lissafin wanda zai zaɓi wa. Zaɓen shugaban ƙungiyarsu ya matso, Alhaji Nuraddeen kuwa yana cikin masu nema. Ya ja ta bayan tulin atamfofi, ya saurare ta yana kaɗa makullin mota a yatsa.

"Wa ya ba ki izinin fita da ita?"

"Yaya, ciwo ne ya ba ni. Likita ta ce a cire."

"Likitoci ai ba su san komai ba sai cirewa." Ya rage murya. "Ke ba ki san kasuwa ba, Hasana. Matan mutanen nan kullum suna shiga gidana. Yau su ga Hajiya da giɓi, gobe labari ya cika layi cewa Nuraddeen ya karye, har ya ciro gwal daga bakin uwarsa ya sayar. Wa zai zaɓe ni bayan wannan?"

"Sai a sa mata wani in ta warke."

"Na Kaduna? Wannan daga ƙasa mai tsarki ya zo. Abin da aka sa a can ne zai cuci mutum? Ki ji tsoron Allah."

"Yaya, bakinta wari yake. Ba ta iya cin abinci."

Fuskarsa ta canza, don maganar ta shige shi. Ba mutumin da ba ya son uwarsa ba ne, abin da ya fi ciwo ke nan. Ya tura aka sayo katan ɗin madara da maganin kashe zafi daga kemis, ya ce akwai ruwan zamzam a gida, a riƙa ba ta tana kurkurewa. "A gama zaɓen nan kawai. Ni da kaina zan kai ta asibitin kuɗi, ba wannan na layi ba."

Hasana ta fito da katan a ka tana jin kanta kamar wadda aka saya.

Kwanakin da suka biyo baya Inna ta koma kunu da madara. Jikokin da da suke rububin cinyarta suka daina shiga ɗakin, ƙaramar ma ta faɗa a tsakar gida, da gaskiyar yara, cewa Hajiya tana wari. Lubna ta buge mata baki, sannan ta ware wa Inna kofi da cokali nata na daban, ta ƙaro turare. In Hasana ta zo sai ta tarar da uwarta ta jingina kumatu da bango saboda sanyin siminti, tana jan carbi, leɓɓanta ba sa motsi. Maganin asibiti ya ƙare. Da Hasana ta ce a koma, Lubna ta ce ita ba za ta shiga tsakanin ɗa da uwa ba, Alhaji ya ce a jira, ita wace ce.

Ana nan sai Lubna ta kira ta a waya, murya cike da murna. "Albishirinki. Hajiya ta warke. Yau har tuwo ta ci. Kin ga zamzam ɗin nan? Da mun biye wa likitarki da yanzu an yi mata giɓi a banza."

Hasana ta zauna a bakin gado da wayar a hannu. Ta tuna abin da likita ta ce, kalma da kalma. Amma ita ma ta gaji. Ta gaji da hawa keke biyu zuwa Kinkinau, ta gaji da zama ƙanwar da ba ta da ta-ido, mai son ɓata wa yayanta suna. Da ta je ta ga Inna tana hira har da dariya, sai ta bar zuciyarta ta yarda. Ta ga kuncin hagu ya ɗan fi na dama cika, ta ce wa kanta kwanciya ce ta jawo.

Alhaji Nuraddeen ya ci zaɓe. Hasana ta yi masa barka, ta tuna masa alkawari.

"Wane asibiti kuma? Mutum ya warke a kai shi a fama masa ciwo? Bari dai a yi walima, sai a je a duba don hankalinki ya kwanta."

Ranar walimar an kafa rumfuna har bakin titi. Hasana ta iso da wuri don taya aiki, ta leƙa ɗakin ƙurya, ta tsaya cak a bakin ƙofa. Kumburin ya tashi daga leɓe ya bi gefen hanci, ya kai ƙarƙashin ido, fatar ta yi sheƙi. Jikin Inna zafi rau. Lubna na tsaye a kanta da sabon leshi, tana gwada yadda za ta karkato mayafi ya rufe kuncin hagu.

"Anti Lubna, ba ki ga fuskarta ba? Asibiti za mu yanzu."

"Yau? Da jama'ar nan a ƙofa? Hoto ɗaya za a yi ta dawo ta kwanta."

Hasana ta fita ta samo yayanta a soro cikin babbar riga fara ƙal. Ya shigo ya duba daga bakin ƙofa, bai matsa ba. Ta ga tsoro ya gifta a idonsa, ta kuma ga yadda ya haɗiye shi.

"Gobe da sassafe," ya ce. "Na rantse miki. Yau dai kam ki rufa min asiri."

Da ya fita Hasana ta durƙusa ta kama hannun uwarta. "Inna, tashi mu bi ta ƙofar baya. Ba wanda zai gan mu."

Inna ta zare hannunta. Maganar da ƙyar take fita. "Kada ki kunyata yayanki a gaban mutane. Yini ɗaya ne."

Aka fito da ita falo, mutum biyu na riƙe da ita, aka zaunar da ita a tsakiyar kujera. Alhaji ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, abin sha'awa ga duk mai kallo. Mai hoto ya ce a juyo da Hajiya ta dama kaɗan. Ya duba, ya ce ba daɗi, fuskar ta yi nauyi.

"Hajiya, a ɗan yi murmushi," in ji Alhaji.

Hasana na tsaye a bayan mata tana kallo. Ta ga uwarta ta tattara duk ƙarfin da ya rage mata ta ɗaga leɓen nan da ya kumbura, har gwal ɗin ya bayyana. Matan falon suka ce ma sha Allah. Gumi ya jiƙa wuyan sabon leshin.

Goben da aka rantse a kanta ta zo da 'yan taya murna daga Zariya, kuma da motar gidan aka je tarbo su. Hasana ta kira yayanta, bai ɗaga ba. Lubna ta ce Hajiya tana barci, an ba ta magani, kada a tashe ta. Washegari da safe Hasana ta zo da mai keke har ƙofar gida, ta riga ta yanke cewa ko Inna ta tsine mata sai ta ɗauke ta. Ba a kai ga haka ba. Ta tarar da idon hagu ya rufe ruf, na dama ma ya fara tashi, Inna tana kakkarwa tana magana da mutanen da suka daɗe da rasuwa. Ba ta gane Hasana ba.

A asibiti aka sa mata ƙarin ruwa da allurai. Likitan da ya karɓe su ya ce ciwon ya bi ta bayan ido ya shiga jini, yanzu ba ta haƙori ake ba, ta rai ake. Ya tambaya tun yaushe fuskar ta kumbura. Alhaji Nuraddeen, da ya iso a gigice ba ko hula, ya ce ai kwatsam abin ya zo. Hasana ta dube shi, ya dubi ƙasa.

Wajen la'asar Inna ta ɗan lafa. Ta juyo da kai inda take jin muryarsa, ta laluba har ta kama bakin rigarsa.

"Nuraddeen."

Tun da aka haifi Hasana ba ta taɓa jin sunan nan a bakin uwarta ba. Shi ma mai sunan sai da ya ja da baya.

"Nuraddeen, ka ce su cire min. Yana min ciwo."

"Za a cire, Hajiya. Yanzu za a cire." Ya fita da gudu yana neman likita, yana cewa a cire, ko me ake bukata a yi. Aka gaya masa jikinta ba zai ɗauka ba sai zazzaɓin ya sauka, bakin ma ba ya buɗuwa. Zazzaɓin bai sauka ba. Washegari da hantsi Inna Asabe ta cika.

Kafin a iso da gawa gida, an riga an gama shirya abin da za a faɗa. Lubna na gaya wa mata masu shigowa cewa suga ne, dama ya daɗe yana cin ta. A waje maza na cewa kwana ne ya ƙare, Alhaji kuwa ya yi wa uwarsa duk abin da ɗa zai yi, wanda ya kai uwa Makka me ya rage. Ba wanda ya yi ƙarya ƙarara. Kowa dai ya zaɓi gefen gaskiyar da ba ya wari. A gidan nan ba a taɓa ɗaga wa Inna murya ba, ba a hana ta abinci ko sutura ba. An dai bar ta ta ruɓe a hankali cikin ladabi da turare, ita kuma ta taya su da kunyarta, saboda an koya mata cewa haka uwa tagari take yi.

A ɗakin ƙurya aka yi wankan. Iya Maryam, tsohuwar da ke wanke gawar mata a unguwar, ita ce a gaba, Hasana na zuba mata ruwa. Da aka zo alwala, Iya ta naɗe yatsa da ƙyalle ta shafa haƙoran, sai ta dakata.

"Gwal ɗin nan fa? Ba a binne mutum da dukiya in za ta fita ba tare da an wahalar da gawa ba. A tambayo malam, a tambayo mai gida."

Lubna ta fita. Hasana ta zaci za a daɗe, za a ce a jira wani abu. Ko ruwan butar ba ta sauya ba Lubna ta dawo.

"Malam ya ce a cire, gado ne. Alhaji ya ce to."

Iya Maryam ta dubi Hasana. "Ke 'yarta ce. Gwada a hankali, in ya ƙi mu bar shi."

Hasana ta sa yatsu biyu. Ba ta ja ba, taɓawa kawai ta yi, haƙorin ya biyo hannunta kamar dama jira yake. Ta juya shi a tafinta. Ta waje gwal ne sumul, ba ko tabo. Ta ciki rami ne baƙi ƙirin, da ɗan guntun saiwa da ya rage. Ta dubi fuskar uwarta da ɗan giɓin da ya bayyana, wanda saboda shi aka yi duk wannan. Ko yatsa ba zai shiga ba. Iya ta ja leɓen ta rufe, aka ci gaba da wanka.

Da aka gama suturta ta aka fitar da makara, Hasana ta bi bayanta har bakin soro, inda mata ba sa wucewa. Ta aika aka kira mata yayanta. Ya zo idanunsa jajur, ga mutanen kasuwa cike da ƙofar gida suna daidaita sahu.

"Mene ne kuma, Hasana? Ana jirana."

Ta kamo hannunsa na dama, ta buɗe shi, ta ajiye masa haƙorin a tafi da ramin yana kallon sama. Bai wanku ba, kuma ba ta yi niyyar wanke shi ba. Ya ɗan kawar da hanci kafin ya gane abin da ya yi.

"Ga naka, Yaya. Da yatsa biyu na cire."

Ya dubi aljihunsa, ya dubi ƙasa, ya dubi Lubna da ke bayan Hasana, ita kuwa ta ɓoye hannayenta cikin hijabi. Daga waje liman ya ce ina Alhaji, a matso a yi wa baiwar Allah salla. Ya dunƙule hannun ya fita. Ta tsakanin ƙyaure Hasana ta ga ya shiga sahun gaba, ta ji an yi kabbara, kowa ya ɗaga tafukansa a buɗe, shi kaɗai nasa na dama a dunƙule.